Babi na Shida: Ɗalibin da Zai Tsaya Tsakanin Ɗakin Gwaji da Gadon Majinyaci

Ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wato fannin da ke nazarin yadda ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suka ratsa jiki suke aiki da kuma yadda suke lalacewa, ya daɗe da rabuwa gida biyu. A gida ɗaya akwai masanan ɗakin gwaji, waɗanda ke aiki da ɓeraye da ƙudaje da ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗaya gidan kuma akwai likitocin da ke karɓar mai farfaɗiya da mai shanyewar ɓarin jiki da yaron da sanƙarau ya kama, kuma sau da yawa kowane ɓangare yana gudanar da harkarsa ba tare da ya san halin da ɗaya yake ciki ba. Binciken da wannan babi ya dogara a kai shi ne wanda ke ɗauko abin da aka gano a ɗakin gwaji ya kai shi ga majinyaci a matsayin magani ko hanyar gano cuta ko hanyar kariya, sannan ya ɗauko tambayar da ta taso a gefen gado ya mayar da ita ɗakin gwaji. Tafiyar tana da tsawo, domin wani ƙiyasi da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000, wanda har yau ake yawan ambatonsa, ya nuna cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama abin da likitoci ke yi a kullum. Tana kuma da yawan asara, musamman a cututtukan ƙwaƙwalwa: wani nazari na 2006 ya ƙidaya magunguna da dabaru 1,026 da aka jarraba domin maganin shanyewar ɓarin jiki, akasarinsu a jikin dabbobi, amma waɗanda suka tabbata suna amfanar ɗan Adam ba su taka kara sun karya ba.

Wannan asara ce ta sa ƙasashen da ke da hali suka koma ga tambayar yadda ake horar da mai bincike tun yana ɗalibi. Tun 1964 gwamnatin Amurka take ɗaukar nauyin wani tsari da ɗalibi ke haɗa karatun likitanci da digirin digirgir na bincike a lokaci guda, kuma a ƙarshen 2011 ta kafa cibiya ta musamman da ba ta da wani aiki sai gajarta tazarar da ke tsakanin bincike da magani. A Kano tambayar ta fi haka nauyi, saboda ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a nahiyar Afirka ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su kai ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, don haka ɗalibin da aka horar a nan ba zai samu gatan tsayawa a gida ɗaya ya bar ɗayan ga wasu ba.

Fagge da Sabon Gari wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan al'amari, ko da yake ba a nan manyan ɗakunan gwajin Kano suke ba. Fagge tsohon zango ne na fatake a bayan ganuwa, Sabon Gari kuwa an kafa shi a farkon mulkin Turawa domin baƙin da suka biyo layin dogo, kuma har yau unguwannin biyu matattara ce ta harsuna da addinai da sana'o'i. A cikinsu ne Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa yake, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Zana, kuma a kasuwar Sabon Gari ne dillancin magunguna na yawancin arewacin Najeriya da wani yanki na Nijar ya yi shekaru yana gudana. Asibitin ya ga abin da ke faruwa idan aka kawo sabon magani ga majinyaci ba tare da amana ba, kasuwar kuma tana nuna inda magani ke ƙarewa bayan mai bincike ya rufe littafinsa.

A farkon 1996 annobar sanƙarau, wato kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta mamaye arewacin Najeriya, inda aka ƙidaya mutum fiye da 100,000 da suka kamu da fiye da 11,000 da suka rasu. Asibitin Zana ya cika ya batse, kuma ƙungiyar likitocin sa kai ta Médecins Sans Frontières tana aiki a cikinsa lokacin da tawagar kamfanin Pfizer ta iso domin jarraba wani sabon maganin ƙwayoyin cuta mai suna Trovan. An ɗauki yara kimanin 200, aka ba wa rabi sabon maganin, rabi kuma aka ba su ceftriaxone wanda aka riga aka sani, kuma yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, yayin da wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, domin sanƙarau kansa yana barin irin waɗannan raunuka, kuma ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyalan kuwa sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa akwai ingantaccen magani kyauta a cikin asibitin ba. Jaridar Washington Post ta fito da labarin a Disamba 2000, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ya yanke cewa an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba.

Tambayar da aka je nema a Asibitin Zana ba ta banza ba ce, kuma wannan shi ne abin da ya kamata malami ya fara nuna wa ɗalibinsa. Maganin da za a iya haɗiya da baki a lokacin annoba, a wurin da allura da ma'aikata suka yi ƙaranci, abu ne da zai ceci rayuka da yawa. Abin da ya rushe aikin shi ne gaggawa, da rashin bin yaran na dogon lokaci bayan an sallame su, da kuma rashin wanda zai zauna da uwa, cikin harshenta, ya bayyana mata abin da za a yi wa ɗanta har ta gane ta zaɓa. Sakamakon bai tsaya a kan iyalai 200 ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har zuwa Yulin 2004, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa, kuma a wannan tsakanin cutar, wadda ita ma ƙwayar cuta ce da ke kama laka ta shanye ƙafa, ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shan inna ta kama a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila.

Bayan rikicin Trovan ne Najeriya ta kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, kuma a yau babu ɗalibin da zai taɓa majinyaci da sunan bincike a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba tare da takardar kwamitin ɗa'a ba. Sai dai takarda ba ta koyar da magana. Ɗalibin da ya iya rubuta takardar neman yarda da Turanci, amma ya kasa yi wa mahaifiya daga Kwarin Gogau ko Tudun Wada bayanin cewa ƙuri'a ce za ta yanke wane magani ɗanta zai samu, kuma tana da ikon janye shi a kowace rana ba tare da an daina kula da shi ba, bai gama karatunsa ba. A Sabon Gari ma bayanin zai buƙaci Ibo ko Yarbanci ko Turancin kasuwa. Ya kamata a ɗauki wannan a matsayin fasaha da ake koyarwa ana jarrabawa, kamar yadda ake jarraba ɗalibi a kan lissafin ƙididdiga, kuma a sa shi ya yi a gaban malami da gaban mutanen unguwa kafin a sake shi.

Kano ta kuma ga yadda ake yin tafiyar daga bincike zuwa gadon majinyaci da kyau, kuma misalin ya fito ne daga cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila. Ana ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara, kuma idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma zai gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara 20, saboda jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa suna ƙuntata. Tun 1998 wani gwaji da aka yi a Amurka ya nuna cewa ana iya gane yaron da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a kansa, kuma ƙarin jini a kai a kai, kusan kowane wata, yana rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Awon kansa ba shi da zafi: yaro yana kwance, ana shafa ɗan man awo a gefen kansa tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi siranta, a ɗora wani ɗan kan na'ura mai aika sautin da kunne ba ya ji, sai gudun jinin ya fito a allo yana hawa yana sauka da bugun zuciya. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana bakin haɗari. Amma sanin haka bai amfani yaron Fagge da komai ba, domin ƙarin jini kowane wata na tsawon shekaru yana buƙatar wadataccen jini mai tsafta da kuɗi da maganin rage ƙarfen da ke taruwa a jiki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da talaka zai dogara da shi.

Likitocin yara da na jini a Asibitin Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da takwarorinsu na Asibitin Barau Dikko a Kaduna da kuma Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun juya tambayar: shin ƙwayar hydroxyurea, wadda ake sha sau ɗaya a rana kuma take sa jiki ya ƙara samar da irin jinin da jariri ke da shi a ciki, za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jini? Sun fara da ƙaramin gwaji domin su ga ko iyaye za su yarda kuma yara za su jure shan maganin, aikin da Dakta Najibah Galadanci ta yi fice a cikinsa, sannan suka yi babban gwaji da yara 220, wanda aka wallafa a 2022 da sunan Dakta Shehu Umar Abdullahi a gaba. An kwatanta miligram 10 da miligram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen hana shanyewar jiki, kuma a rukunin biyu abin ya yi ƙasa ƙwarai da yadda aka san yana faruwa ga yaran da ba a yi wa komai ba. Tun 2020 ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta sa hydroxyurea cikin shawarwarinta ga ƙasashen da ƙarin jini bai samuwa a kai a kai, kuma aikin Kano yana cikin abin da ta dogara da shi.

Abin da ya fi sakamakon muhimmanci ga batun wannan babi shi ne mutanen da aikin ya bari a baya. Kafin a ɗauki yaro ko ɗaya sai da aka koyar da masu awon kai har hannunsu ya daidaita da na ƙwararru, aka koyar da masu harhaɗa magani yadda za su ɓoye adadin maganin ga likita da iyaye domin kada zato ya gurɓata sakamako, aka koyar da masu tattara bayanai da masu bin iyalai gida idan sun ƙi dawowa. Matasan likitocin da suka fara a matsayin mataimaka sun koyi rubuta takardar neman kuɗin bincike, kuma wasu daga cikinsu sun zama shugabannin nasu binciken. Babu ajin da zai koyar da wannan. Mai bincike irin wannan yana tashi ne kamar yaron maƙera, wanda ke fara da zuga wuta a gefen ubangidansa shekaru kafin a ba shi guduma, kuma inda babu babban aiki mai gudana na shekaru, babu maƙerar da zai zauna.

A nan ne raunin ɓangaren ɗakin gwaji yake bayyana. Ɗalibin digiri na biyu a sashen nazarin aikin jiki ko sashen ilimin magunguna, a Kano ko a Zariya, yakan sayi ɓerayensa da kuɗin aljihunsa, ya samo saiwa ko ganyen da masu maganin gargajiya ke ba mai farfaɗiya, ya jiƙa ya tace ya busar, ya ɗura wa rukuni ɗaya ya bar ɗaya, sannan ya yi musu allurar sinadarin da ke tayar da jijjiga ya tsaya da agogo yana ƙidaya daƙiƙoƙi. Aiki ne na gaske, kuma tambayar da ke bayansa halattacciya ce, tunda da yawa daga magungunan duniya daga tsirrai suka fito. Amma yawanci a nan yake tsayawa: ba a ware sinadarin da ya yi aikin ba, ba a duba abin da ya yi wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba, samfurin da aka adana ya lalace ran da wuta ta ɗauke janareta kuma ya ƙi tashi, ɗalibi na gaba kuma ya ɗauki wani ganye dabam ya sake farawa daga tushe. Nazarin da Dakta Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 a kan binciken ƙwaƙwalwa a Najeriya ya tabbatar da wannan hoto, inda ya nuna rinjayen binciken tsirrai da ƙarancin amfani da na'urorin zamani. Shi Maina ɗin, wanda ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, inda ɗalibai daga sassan Afirka ke zuwa koyon aiki da manyan madubai da renon ƙwayoyin halitta. Tafiyar yini guda ce daga Kano, kuma hankali ya fi karkata ga a riƙa tura ɗalibai can bisa yarjejeniya da tsari a kan kowace jami'a ta ce sai ta mallaki komai da kanta.

Farfaɗiya ce ta fi nuna cewa tazarar ba kullum a ɗakin gwaji take ba. Magungunanta sun tsufa, phenobarbitone ya haura shekara 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na masu cutar za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani daidai, amma a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samu. Yaron da ya faɗi a bakin titi a Fagge yakan ga mutane sun ja da baya saboda tsoron cewa yawunsa na yaɗa cutar, wani ya nemi cusa masa cokali a baki, iyaye kuma su fara da ruƙiyya da rubutu saboda an ce iska ce, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nufi kemis, inda za a sayi ƙwaya ta kwana uku ko ta mako gwargwadon abin da ke hannu. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ta fi ta farko muni. Wannan ne ya sa masu bincike na Kano da Zariya da Kaduna, tare da Farfesa Edwin Trevathan da Farfesa Muktar Aliyu na Vanderbilt, suka shirya gwajin da aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin unguwa su gano farfaɗiyar yara su kula da ita, da tambayoyin tantancewa da aka tsara da Hausa. Ɗalibin da ya shiga irin wannan aiki yana koyon cewa malamin da ake kai wa yaro da farko da mai kemis da ke miƙa ƙwaya suna cikin hanyar da magani ke bi, kuma raina su ba ya rage yawan masu zuwa wurinsu.

Kasuwar magani kanta fagen bincike ce da aka yi sakaci da shi. Bayan rahoton BBC na 2018 a kan shan maganin tari mai kodin, wanda Kano ta fito a cikinsa sosai, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, kuma a 2024 aka tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya, domin hukumomi su iya sa ido. Ko ƙwayar farfaɗiyar da ta kwana a shago mai zafi tana ɗauke da adadin da aka rubuta a kwalinta, da abin da tramadol ke yi wa ƙwaƙwalwar matashin da ya yi shekaru yana sha, tambayoyi ne da ɗalibin harhaɗa magunguna da ɗalibin likitancin ƙwaƙwalwa za su iya amsawa tare, da kayan aikin da ba su fi ƙarfin jami'a ba.

Saura batun da ya fi kowanne ɗaci, wato abin da ɗalibin zai ci bayan ya gama. Likitan da ke neman zama ƙwararre dole ne ya rubuta kundin bincike kafin kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma ta ba shi shaida, amma yana yin sa ne a tsakanin kwanan asibiti da layin majinyata, kuma da yawa ba sa sake komawa bincike. Masanin ɗakin gwaji kuwa, idan ya samu aikin koyarwa, ɗaruruwan ɗalibai da takardun jarrabawa suna cinye lokacinsa. Wanda ya fi hazaƙa a cikinsu shi ne wanda Ingila ko Saudiyya ko Amurka za ta fara ɗauka, kuma ba adalci ba ne a zarge shi. Najeriya ta taɓa samun mutumin da ya haɗa gidajen biyu, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya bi wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani tun daga gadon asibiti har ya danganta ta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, kuma ya iya yin haka ne saboda jami'arsa a lokacin ta ba shi ɗakin gwaji da lokaci. Abin da Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta da asusun TETFund za su iya yi, ba tare da jiran Vanderbilt ba, shi ne su ware wa matashin da ya gama digirin digirgir shekaru biyu ko uku da albashi da ɗan kuɗin aiki da ragin koyarwa, su ba kowane ɗalibi malamai biyu, ɗaya daga ɗakin gwaji ɗaya daga asibiti, kuma su sa ɗalibin kimiyya ya zagaya ɗakin majinyata na wasu watanni kafin ya zaɓi abin da zai bincika.

Aikin da ke jiran waɗannan ɗalibai a bayyane yake. Binciken shanyewar ɓarin jiki da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya suka shiga, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban sanadi da tazara mai yawa, amma yadda za a sa ɗan kasuwar Kantin Kwari ya riƙa shan maganinsa kullum alhali ba ya jin ciwon komai tambaya ce da ba a gama amsawa ba. Rigakafin sanƙarau da aka fara a yankin Sahel a 2010 ya kusan kawar da nau'in da ya yi ɓarnar 1996, wani nau'in ya taso a Zamfara da Sakkwato a 2017, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar, wadda dole ne a samu masu bin tasirinta shekara da shekaru, tare da masu auna ji da fahimtar yaran da suka tsira daga cutar.